Shekara Goma Sha Ɗaya Ina Buga Ƙwallo da Sunan Direban Trotro

Hajiya Awabu, ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi nadama. Shekara ashirin da uku ke nan rabona da Tawa. Ƙwallo ce ta kawo ni Accra. Da na zo, mai kulob ya ce gurbin baƙi ya cika, sai dai in buga da katin wani ɗan unguwar Maamobi, Abdulganiyu, wanda ya bar wasa ya koma tuƙin trotro, motar haya. Na yarda, ba wanda ya tilasta ni. Shekara goma sha ɗaya ina tsaron baya, 'yan kallo na kirana da sunan da ba shi ubana ya raɗa mini ba, har gwiwata ta tashi daga aiki.

Na dawo na tara samarin unguwar Nima ina horar da su a fili mai tsakuwa. Shekara tara! Bana muka hau rukuni na biyu, sai shugabanmu Alhaji Mutala ya ce sai koci mai lasisi. Na nemi kwas, aka ce in kawo shaidar na taɓa bugawa. Shaidar tana nan, da sunan direba. Aka kawo sabon koci mai takarda. Ban ga laifinsa ba, yana girmama ni. Amma jiya Alhaji ya ce in ɗauko buhun ƙwallaye. Ni!

Ranar Asabar zan tsaya gaban jama'a in tona komai, in koma gida. Ga abin da na tsira da shi: riga biyu, lambar tagulla ɗaya, usur ɗaya, da ƙarfe a gwiwa.

Tsohon mai lamba huɗu, Nima

Malam, fushinka yana kan hanya. Kada ka sake taɓa buhun nan, ka gaya wa Alhaji haka ku biyu kawai. Amma ba shi ya kafa dokar lasisi ba, kuma katin nan da hannunka ka karɓa. In ka yi tonon Asabar, samarin da ka raina ne za su fara ƙonewa.

Ka fara ganin lauya, don gyaran sunan ba zai rasa hukunci ba. Sannan ka nemo Abdulganiyu a tasha, da tsofaffin abokan wasanka su shaide ka. Sunan na aro ne, amma fuskar da ke hotunan wasanninka taka ce. Alhaji kuma ya rubuta maka matsayin mataimakin koci, ya ɗauki nauyin kwas ɗin. In ya ƙi, ka tafi ba hayaniya.

In an tafi hutu, ka leƙa Tawa a kira ka da sunanka na yanka. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya mayar maka da usur ɗinka bakin fili.