Na ɗora wa Bulus hannu

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Mama?

Bulus bai tashi ba, Yaya. Tun da kwantena ta danne shi a tashar jirgin ruwan Treichville, fastonmu yake karanta mana inda Ubangiji ya ce mai bi zai yi ayyukan da suka fi nasa. Na ɗora wa mijina hannu har jikinsa ya yi sanyi. Bayan jana'iza sai fasto ya ce ai wa'azi ayar take nufi, ba warkarwa ba. Me ya hana shi faɗa tun Bulus yana numfashi?

Ki gaida Mama. Ku yi mini addu'a, ni na kasa.

Ƙanwarki,
Saratu