Ba Sanyi Ba Ne, Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ka da iyali, na gode da ta'aziyyar maigidana. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau a nan ƙasar mutane, na koma aikin guga, sai dai har yau hannuna kan ɗauko kofi biyu da safe.

Matarka ta ce mararka na ciwo, kana yawan zagawa bayi, gabanka na faɗuwa, amma ka ce sanyi ne. Yaya, abin da maigidana ya yi shekara huɗu yana faɗa ke nan, ni kuma ina ta rufe masa tagogi.

Sai da ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki likita ya gano kumburi ne a ƙarƙashin mafitsara. Ya ce idan ya daɗe yana iya taɓa jijiyoyin da ke daidaita bugun zuciya. Ko shi ne ajalinsa, Allah ne masani.

Don Allah ajiye kunya ka je asibiti, su duba har zuciyar. Kada matarka ta koyi mayar da kofi ɗaya.

Allah ya ba ka lafiya.

Ƙanwarka