Ya ce mini "tsaya" da Hausa, ya musa da Faransanci

Assalamu alaikum admin da sauran 'yan wannan zaure. A sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Asabar, domin bayan Asabar shawarar ba ta da sauran amfani.

Kusan mako biyu ke nan, ranar Asabar bayan la'asar, a wani kulob na wasanni da ke Treichville a nan Abijan, aka buga wasan kusa da na ƙarshe na gasar sikwash ta 'yan kulob. Ni ne a cikin ɗakin wasa tare da wani da zan kira Alhaji Mamman. Alƙalin wasa wani ne da zan kira Isma, haifaffen nan ne, iyayensa mutanen Tawa. A kan benci a bayan gilashi akwai 'yan kallo, 'yan ƙabilun Baule da Bete da wasu 'yan Lebanon, babu mai jin Hausa a cikinsu. Masu jin Hausa a wurin mu uku ne, ni da Alhaji da alƙali.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, mutum biyu ne a cikin ɗaki ɗaya mai bango huɗu, kowa da raket ɗinsa, ana buga ƙaramin ƙwallon roba a bangon gaba bi da bi. Tunda wuri ɗaya ake tsaye, dole wani lokaci a tare wa juna hanya, ko mutum ya ga idan ya buga zai samu abokin wasansa a fuska. To a nan sai ya tsaya ya ce "let", alƙali ya yanke ɗaya cikin uku: a sake bugun, ko a ba wanda aka tare makin, ko a ce babu komai makin ya tafi. Ƙwallon ƙarami ne amma yana fasa ido. Saboda haka abin da ake fara koya wa sabon shiga shi ne, idan ka ji an ce ka tsaya, ka tsaya, daga baya a yi bayani.

Wanda ya koya mini wannan Alhaji ne da bakinsa. Ɗan kasuwa ne a Adjamé wajen Bracodi, abokin marigayi yayana, ya girme ni nesa ba kusa ba, Yaya nake ce masa. Shi ya fara kawo ni kulob ɗin lokacin da likita ya ce in rage ƙiba, raket ɗin da na fara bugawa ma nasa ne. Ni kuma haifaffen Maraɗi ne, a can na koyi aikin rediyo, yanzu ina gabatar da shirin Hausa a wata ƙaramar tasha, labarai da gaishe-gaishe. Ba ni da shago ba ni da mota mai tsada, abin da nake da shi a garin nan shi ne idan na faɗi magana mutanenmu sun yarda haka take.

Mun raba wasa biyu da biyu, muna na biyar, saura mini maki ɗaya in ci. Na kai shi kusurwa, ya kai da ƙyar, ya dawo da ƙwallon tsakiya sako-sako, shi yana bayana. Na ɗaga raket ke nan sai na ji, "Tsaya! Tsaya, Malam!" da irin muryar da mutum yake yi idan ya ga mota za ta taka yaro. Ban yi shawara da kaina ba, hannuna ne ya tsaya. Na zaci ya matso raket zai same shi, ko kuma wani abu ya kama shi a ƙirji, don mutum ne mai hawan jini. Ƙwallon ya yi tsalle biyu ya mutu. Da na juya sai na gan shi tsaye lafiya lau, nesa da ni, har ya nufi wurin fara bugu. Isma ya sanar cewa makin na Alhaji ne.

Ban ɗaga murya ba. Na ce wa alƙali da Faransanci, yadda kowa zai ji, abokin wasana ya ce in tsaya na tsaya, ina neman a sake. Isma ya ce shi bai ji an ce let ba. Na ce ba let ya ce ba, tsaya ya ce da Hausa. Aka juya ga Alhaji, ya buɗe hannuwa biyu ya ce, "J'ai rien dit, moi," wato shi bai ce komai ba, wai numfashi ne, a shekarunsa idan ya miƙa ya ɗauko ƙwallo dole wani sauti ya fita. 'Yan kallo suka yi dariya. Na dubi Isma na ce kai ma ka ji. Ya kau da ido ya ce da Faransanci, grand frère, wato babban yaya, ni Hausar nan ba na jin ta sosai. Mahaifiyarsa tana sayar da masa kusa da tashar mota ta Gare de Bassam, na san ta, ba ta taɓa yi masa magana da wani harshe ba sai Hausa. Gaskiya ne Faransancinsa ya fi Hausarsa, amma ko yaron da bai iya haɗa jimla ba ya san tsaya, ita ce kalmar da uwa take fara ƙwala masa a bakin titi.

Maki biyun da suka biyo baya ban ma san yadda suka tafi ba. Da aka gama Alhaji ya miƙo mini hannu yana murmushi, na dubi hannun, na ɗauki tawul ɗina na fita. Wannan shi ne abin da kowa ya gani, kuma shi kaɗai ne abin da kowa ya riƙe.

Shugaban kulob ya kira ni washegari ya ce ƙin gaisawa bayan wasa abin kunya ne, an yi mini gargaɗi, idan na sake za a dakatar da ni. Na ba shi labari yadda yake, ya ce yako, wato sannu a bakin mutanen nan, amma shi ba ya jin Hausa, kuma mutum biyu cikin ukun da suke ji sun ce ba a faɗa ba. Kafin labarin ya haye gada daga Treichville ya isa Adjamé kuwa ya canza kama. A can cewa ake yi na ƙaga wa Alhaji ƙarya a gaban baƙi don an cinye ni, na kuma zage shi. Masu shayi sun sani, masu sayar da garba, abincin garin rogo da kifi, sun sani, mutanen da ba su taɓa ganin ɗakin sikwash ba sun yanke hukunci. A shirina na gaishe-gaishe wani ya kira, ya gaida mutanen gidansu, sannan ya ce, "A ƙarshe ina gaida Malam mai gabatarwa, ko da yake an ce shi ba ya karɓar gaisuwa, kuma kunnensa yana jin abin da ba a faɗa ba." Na ce masa na gode, na ɗauki kira na gaba. Tun da na fara aikin nan ban taɓa jin abin da na ji a ranar ba.

Bayan kwana biyu na haɗu da Isma a rumfar garba, mu kaɗai. Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ya ce da Hausarsa ta 'yan Abijan, "Yaya, ka yi haƙuri, na ji shi. Amma Tonton ne fa, kawuna ne, garinsu ɗaya da Mama, in ce ya yi ƙarya a gaban Lebanon?" Na ce to ka faɗa wa shugaban kulob abin da ka faɗa mini yanzu. Ya ce ba zai iya ba, in bari ya wuce, ai wasa ne. Ya so ya biya mini garbar, na hana shi.

Yanzu ga inda shawarar take. A kulob ɗinmu ba mu da alƙalai na waje, mu ke yi wa juna alƙalanci, kuma al'ada ita ce waɗanda aka fitar a wasan kusa da na ƙarshe su ke yin alƙalancin wasan ƙarshe. Ɗayan da aka fitar ya yi tafiya. Ni ne ke nan zan hau kujera ranar Asabar, Alhaji zai kara da wani malamin makaranta Baule da zan kira Kwasi, mutum mai sanyin hali, wanda ko an taka masa ƙafa sai ya ce yi haƙuri.

Na daɗe ina wasa da Alhaji, na san wasansa ciki da waje. Ƙafarsa ta yi nauyi, don haka idan ya buga ba ya kaucewa, yana barin kwankwasonsa a hanya. A ƙa'ida, da yawa daga cikin waɗannan makin na wanda aka tare ne kai tsaye. Amma a kulob an saba ana ce masa a sake, saboda girmansa da daɗewarsa, ni ma haka nake yi masa duk lokacin da na hau kujera. Idan ranar Asabar na bi ƙa'ida kamar yadda take a rubuce, ban ƙara ba ban rage ba, ba zai ci ko wasa ɗaya ba, kuma babu hukunci ɗaya da wani zai iya nuna mini ya ce kuskure ne. Na zauna na sake karanta dokokin gaba ɗaya a makon nan, kuma ba zan ɓoye muku ba, ba don son adalci na karanta su ba.

Akwai na biyu, wanda ya fi wannan muni, kuma shi ne ya fi yi mini daɗi idan na tuna shi. Idan Alhaji ya gaji ba ya cewa let. Hannu yake ɗagawa ya ce "dakata", ko "ka gani fa", kowa ya saba, a sake masa. Na riga na ji a kunnena yadda zan amsa masa daga kan kujera, da Faransanci mai tsabta, a hankali, cewa alƙali bai ji an nemi let ba. Na san wannan ba ƙa'ida ba ce, doka ta ce duk wata alama bayyananniya ta isa. Na san zalunci ne. Amma ina so in ga fuskarsa a bayan gilashin nan yana neman wanda zai shaide shi, ya rasa, kamar yadda na rasa.

Da ma zuciyata ta fara sanyi har ranar Juma'ar da ta wuce. Bayan an idar da salla a babban masallacin Treichville sai ga shi, ya kamo hannuna a gaban jama'a ya riƙe, ya ƙi saki, mutane suna ta cewa madalla, Alhaji akwai haƙuri. Sai ya sunkuyo kunnena ya ce, "Ƙanena, wasa ai da dabara, kai ma wata rana za ka iya. Ranar wasan ƙarshe kai ne a sama, kada ka bari Baule ya ɗauke mana kofi." Ya saki hannun, ya dafa kafaɗata, ya wuce. Wato ya san abin da ya yi, ya faɗa mini da bakinsa a wurin da babu wanda zai ji, kuma da Hausar da ya musa yake neman in tsaya masa. Mutanen da ke wurin sun tafi da cewa babba ya yafe wa ƙaramin da ya yi masa rashin kunya.

Na yi tunanin in janye in ce ba ni da lafiya. Idan na janye za a ce har yanzu fushin an cinye ni nake yi, kuma Isma za a sa, kun san abin da zai biyo baya. Idan na hau na yi masa sassaucin da aka saba, na ba shi kofi da hannuna, na zalunci Kwasi, kuma na sa hannu a kan cewa ni ne maƙaryacin. Idan na bi ƙa'ida zalla, Kwasi zai ci, abin da ya cancanta tun farko, amma duk Adjamé za ta ce ramuwa na yi, kuma ba su yi ƙarya ba, sai kofin bawan Allah ya zama abin gori a hannunsa. Matata ta ce in bar wa Allah, mutumin nan shi ya tsaya a kan jana'izar yayana. Ban manta ba. Amma ko ɗaya cikin waɗannan hanyoyin babu wadda za ta sa wani ya tashi ya ce an faɗi kalmar nan, kuma ita kaɗai nake nema.

Saboda haka nake tambayar ku, musamman malamai da waɗanda suka taɓa yin alƙalanci kowane iri. Hukuncin da yake daidai a ƙa'ida, amma wanda ya yanke shi ya yanke ne don ya huce, adalci ne ko zalunci? In kira su duka biyun kafin a fara in gaya musu a gaban shugaban kulob cewa yau ƙa'ida zalla za a bi, ko in yi shiru Alhaji ya ji a jikinsa? Maganar yin kamar ban ji Hausarsa ba, in akwai mai hujjar da za ta raba ni da ita ya kawo, don ni har yanzu ban samu ba. Kuma don Allah masu cewa ai wasa ne su bar shi, na ji wannan ya ishe ni.

Jiya na shaida wa shugaban kulob cewa na karɓi alƙalancin. Yau da safe ina wurin aiki aka sauke buhun albasa a ƙofar gidana, aka ce daga shagon Alhaji ne. Kafin in dawo matata ta buɗe shi, ta raba wa maƙwabta.