Fiton Illo

Lahadi, 2 ga Yuni, 2024

Kakar wasa ta ƙare, alhamdu lillahi. Zakunan Gobir mun tashi na biyar cikin ƙungiya takwas. 'Yan kallo sai huci suke, ni kuwa na wanke safar hannuna na shanya, ina jin kamar an sauke min buhun gero daga ka. Ruwa ya sauka shekaranjiya, kowa ya nufi gona, ba sauran gasa sai an yanke gero. Kusan wata biyar ba wanda zai harbo min ƙwallo daf da magariba.

Shekara goma sha huɗu ina tsaron ragar nan. Bana ce ta farko da na yi murna da aka tashi.

Talata, 4 ga Yuni

Teburin Bawa mai shayi, nan gefen rumfata ta faci, ya koma majalisa kamar kowace damina. Bawa ko ƙwallon tsumma bai taɓa bugawa ba, amma a bakinsa ake saye da sayar da 'yan wasan Sabon Birni duka. Yau ya zo da lissafi: an ci mu ƙwallo sha tara, sha huɗu daga ciki a minti ashirin na ƙarshe. Gabana ya faɗi.

Sai Bawa ya ce, "Illo na. In rana ta yi sanyi sai shi saki mutuminai, shi koma gindin Wada shina fito awa mai koran shanu."

Aka kwashe da dariya. Tawa, ni Wadan, ta fi ta kowa ƙarfi. Illo ɗan bayanmu ne, lamba huɗu, ɗan rugar da ke bayan Kurawa, kuma gaskiya ne yana wannan fiton, ni ma na sha yi masa tsawa a kai. Na koma rumfa da sanyin rai. Allah ya yafe min.

Juma'a, 7 ga Yuni

Bari in rubuta ko sau ɗaya, tunda ba mai karantawa. Dundumi gare ni. Tun bara ya fara. Da rana ina hango ƙusa a jikin taya tun mai babur bai tsaya ba. Amma da rana ta sunkuya sai komai ya yi toka-toka. Mu kuwa sai an idar da la'asar ake take wasa, a tashi ana shirin kiran magariba. A ƙarshen wasa ba ƙwallo nake gani ba, wata inuwa ce ke zuwa, in faɗi inda jikina ya ce.

Ba wanda ya sani. Ko matata Kadijatu ban gaya wa ba.

Litinin, 10 ga Yuni

Kocinmu Malam Hussaini ya zo rumfa da labari. Shahon Isa suna son Illo, za su ba mu Nasiruddeen, lamba taransu da ya ci sha ɗaya bana. Kafin azahar magana ta game tasha. Wasu na cewa ɗan gaba muke buƙata, wasu na cewa tsakiya ce ta mutu, in ba mai raba ƙwallo ko wa aka kawo yunwa zai sha a gaba. Hafizullahi mai aski kaɗai ya ce a yi tunani, mutanen Isa ba wawaye ba ne, me suka gani a jikin Illo? Aka taso masa ca.

Gola kam ba wanda ya ambata. Bawa ma cewa ya yi, "Wurin Wada ba a magana, a bar shi nan."

Koci ya tambayi ra'ayina, ni ne kyaftin. Na ce ɗan gaba muke buƙata. Ai ba ƙarya na yi ba. Kwamiti zai zauna bayan Sallah.

Alhamis, 13 ga Yuni

Na yi shuka a gonar bayan gari. Jiki sakayau, gwiwa ma ta daina ciwo.

Lahadi, 16 ga Yuni

Sallah. Da aka soya hantar ragon layya, Kadijatu ta ajiye min ita gaba ɗaya, yara na zuba ido. Na ce a raba mana kamar kullum. Ta ce, "Baban Khairat, ci abinka duka, an ce tana ƙara gani." Na ce ganin wa? Ta ce na wanda ya yi ƙwallo da buta sau uku satin nan. Ta tashi ta shiga ɗaki.

To. Ashe mu biyu ne. Na cinye, ban ji daɗinta ba.

Laraba, 19 ga Yuni

Illo ya kawo babur faci. Na yi ta duba tiyub cikin ruwa don kada mu haɗa ido. Shi ya ɗauko maganar. A Isa sau uku ake tirenin a sati, a tashi da magariba, sannan ya kamo hanyar gida. Ba zai iya tarewa can ba, shanu da tsohuwarsa na ruga.

Ya ce, "Yaya Wada, ni hanya ce damuwata. In na gamu da mutanen daji su ce ɗan gari nike, in na gamu da masu sintiri su ce na daji nike. Nan ko kowane shinge na kai, sai a ce lamba huɗu, wuce."

Na ce to ya ƙi zuwa mana. Ya yi murmushi, ya ce in ya ƙi, a wace ƙungiya zai buga, tunda nan an gaji da shi? In kuma ya daina bugawa, wata nawa za a yi kafin a manta lambar?

Bai ce min komai game da ƙwallayen nan sha huɗu ba. Na cika masa iska har ta yi yawa, sai da na rage.

Asabar, 22 ga Yuni

An ce an tare hanyar Isa shekaranjiya da yamma. A teburin Bawa aka yi jaje na minti biyu, aka koma kan Nasiruddeen, wai ƙafar hagu gare shi kamar guduma. Wani da ba zan rubuta sunansa ba ya ce a ba su Illon kawai, dama irinsu ke tare hanyar. Bawa ya buga ludayi a tebur ya ce, "Ƙwallo muka yi nan, wanda ad da wata magana shi kai ta gidansu." Na ji daɗin haka. Ni da ya kamata in yi magana, shayi na yi ta kurɓa.

Litinin, 24 ga Yuni

Gobe kwamiti. Na shirya hujja uku da za a bar Illo ba tare da na tona kaina ba: tsawo gare shi, ba ya karɓar kati, ba ya fashin tirenin. Za ni faɗe su a natse. In an ƙi, ai na yi nawa.

Ban yi nawa ba. Na sani.

Talata, 25 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

An zauna gindin dogon yaro a filin firamare bayan la'asar, 'yan kwamiti da 'yan wasa da duk mai bakin magana. Illo na can gefe zaune kan babur ɗinsa. Na kawo hujjojina uku, Bawa ya rushe su cikin numfashi ɗaya. Aka yi ta ja, wannan ya ce gaba, wancan ya ce tsakiya, har rana ta sunkuya. Koci ya ce ya isa, a ɗaga hannu. Al'adarmu kuwa tun kafa ƙungiya, kyaftin ke ƙirga hannuwa, don shi ba ya jefa ƙuri'a.

"Masu son a yi musaya," in ji Koci. "Wada, ƙirga muna."

Na miƙe. Na ga mutane kamar kututture a gona, hannu ko ɗaya ban gani ba. Da na ce sha biyu ko sha biyar, wataƙila a wuce wurin. Na buɗe baki in yi hakan, sai na ji kaina ina cewa, "Koci, ban ganin hannuwan."

Daga nan sauran ya zubo. Dundumi, tun bara, ƙwallo sha huɗu, duka. Na ce laifin da ake ɗora wa Illo nawa ne, kuma na zauna ana yi masa dariya ina tayawa. Kunya kamar in nutse, amma ƙirjina ya buɗe, na ja numfashin da na daɗe ban ja irinsa ba.

Sai muryar Illo daga gefe. Wai shi tun bara ya sani. A garke, in saniya ta kamu da dundumi, da yamma za ka ga tana ɗaga kai tana bin sauti, ba ta bin hanya. Haka ya ga ina yi a raga. Shi ya sa yake sakin mutuminsa ya dawo kusa da ni, inda zan ji shi.

"Fito guda, dama. Biyu, hagu. Kana bi, Yaya Wada, kai dai ba ka lura ba. Ita ma saniya ba a yi mata bayani."

Na tsaya ina tuna wasannin nan ɗaya bayan ɗaya. Inda nake cewa jikina ne ke gaya min, ashe bakin Illo ne. Koci ya tambaye shi don me bai faɗa ba. Ya ce ciwon ba nasa ba ne, mai shi ke da faɗa.

Bawa ne ya fara magana. "Ashe shekara guda muna da golan da aka kiwo." Dariya har da masu riƙe ciki. Ni ma na yi, hawaye na zuba, na san dai ba mai gani sosai a wannan lokacin, ko kuwa ni ne ba na ganinsu.

Ba a sake ɗaga hannu ba. Illo na nan.

Laraba, 26 ga Yuni

Duk ɗan acaɓar da ya wuce rumfata sai ya yi fito. Har Khairat ta koya. Na ɗauka abin zai yi min ciwo, sai na ga ko a jikina.

Bawa ya soya wa Illo ƙwai uku ya tura masa gaba. A wurin Bawa wannan shi ne ban haƙuri. Ni nawa na ba Illo da baki, ya ce in bari, kada in sa shi jin kunya.

Asabar, 6 ga Yuli

Majalisa ta juya, yanzu gola ake nema. Bawa na rantsuwa shi dama ya daɗe da zargi. Mutanen Isa sun ji haushin fasa musaya, sun riƙe Nasiruddeen ɗinsu. Amma suna da gola na biyu, Anas, mutumin Gatawa, iyayensa sun dawo nan Sabon Birni da zama, shi ma yana son ya matso kusa da su. Kocinsu ya ce zai sake shi bisa sharaɗi ɗaya: ciyawa ta ci gonarsa ta bakin gari, mu zo mu yi masa gayya. Aka yi ta gardama ko wannan raini ne. Hafizullahi ya ce raini ko ba raini ba, raga dai ba ta tsaron kanta. Aka amince.

Na je asibiti. An ba ni ƙwayoyi, an ce in je Sakkwato likitan ido ya duba ni. Kadijatu ta riga ta sa ranar.

Asabar, 20 ga Yuli

Mu ashirin da biyu muka bi ayarin motoci da sassafe, kowa da hauyarsa. Bawa ya yi kunya biyu ya nemi inuwa, daga can yake gaya mana wanda ba ya noma da kyau. Illo da ake cewa bai san hauya ba ya riga ni kai ƙarshe. Kafin la'asar mun dawo gida lafiya, da Anas a tsakiyarmu. An sayi gola da gayya, a rubuta a ajiye.

Na gwada shi a fili. Hannu akwai, tsalle akwai, baki ne babu, ba ya yi wa 'yan baya magana. Wannan za ni koya masa. Na ba shi safar hannuna. Aro ne, na gaya masa, kafin in dawo daga Sakkwato.

Lahadi, 27 ga Oktoba

An yanke gero, an buɗe gasa. Likita ya ce abin zai lafa amma ba zai koma kamar da ba. Na zauna a benci kusa da Koci, wai mai horar da gola. Ba ci aka tashi. Bawa tun hutun rabin lokaci yake ihun a nemo ɗan gaba, ya ce shi ya faɗa tun Yuni.

Illo ya manne wa mutuminsa daga farko har ƙarshe, ko motsi bai bar shi ya yi ba. Bai yi fito ko sau ɗaya ba. Ba wai na damu ba.

Minti ashirin na ƙarshe fili ya yi toka-toka kamar kullum. Na miƙe ƙafa ina jin wasa da kunne, har na kama kaina ina cin gyaɗa.

Da aka watse na tsaya bakin fili ina lalube, akwai ramin da ruwa ya ci a wajen, ban tuna ta ina yake ba. Sai na ji fito guda. Ƙafata ta yi dama kafin in yi tunani. Haka muka taho har ƙofar gida, Illo a gaba yana tura babur, ni a baya.

Kadijatu ta tambayi safar hannun, ko an maido. Na ce a bar wa yaron, dama ta fara matse ni.