Mai Asma Ba Ta Zuwa Dubiya

Litinin, 1 ga Yuni, 2020
Yaya Babayo ba lafiya. Zazzaɓi da tari. Dada ce ta kira ni, da muryar nan ta uwa mai ɓoye damuwa, wai maleriya ce. Wace irin maleriya ce za ta hana ƙato irin Yaya fita shago? Na ɗauki mayafi, Nasiruddeen ya tare ƙofa. "Ke da asma? In korona ce fa? Wallahi Zubaida ba inda za ki." Miji ya hana, na zauna.

Laraba, 3 ga Yuni
Na kira Yaya. Yana tari yana tsokanata. "Auta, yi zamanki a Gwallameji. Wannan ƙirjin naki ko turaren wuta kayar da shi yake, balle korona." Na yi dariya, na kashe waya, na yi kuka. Mutumin da ya sha goya ni zuwa asibiti in numfashina ya sarƙe, ina yarinya.

Alhamis, 4 ga Yuni
Abin da ba zan faɗa wa kowa ba: da Nasiruddeen ya hana ni, daɗi na ji. Tsoro nake, tsoro sosai. Na san yadda ake neman iska a rasa. Yau inhela, maganin asman da nake shaƙa, na cikin aljihuna har banɗaki.

Asabar, 6 ga Yuni
Ya ƙi asibiti, taurin kai kamar na marigayi Baba. Dada ta ce kunun gyaɗata yake marmari, ya ce na kowa ba ya shiga. Na dama, na ba mai keke ya kai. Wai ya tambaya, "Ita ta kawo?" Aka ce a'a. Ya ɗan kurɓa ya ture.

Lahadi, 7 ga Yuni
Na sake roƙon Nasiruddeen. Roƙon da ni kaina na san bai kai zuci ba.

Talata, 9 ga Yuni
Korona ce. An ɗauke shi, an sa masa oksijin. Can ba a shiga dubiya, ko da kana da huhun doki. Ashe makon jiya ne kawai damata.

Juma'a, 12 ga Yuni
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan la'asar.

Lahadi, 14 ga Yuni
Ta waya ake min gaisuwa, ta waya na yi wa uwata gaisuwar ɗanta. Kowa sai ya ƙara da, "Gara da ba ki je ba, ke da lalura." Na gaji da jin kalmar nan. Lalura, lalura.

Litinin, 22 ga Yuni
Abin dariya, in da da mai dariya. Nasiruddeen ya kwaso korona a ofis, ya kawo min har ɗaki. An gwada mu, dukkanmu muna da ita. Na yi alwala, na zauna jiran mutuwa.

Juma'a, 26 ga Yuni
Ba ta zo ba. Mura, ciwon kai, miya ba ɗanɗano. Shi ke nan! Sanyin damina ma ya fi wannan wahalar da ni. Dakta Adenike, wadda ke duba asmata, ta kira. Da Hausarta ta ce, "Ki ci gaba da maganinki kullum, kar ki tsallake. Mai asma da ke riƙe magani, yawanci ba shi ciwon nan ya fi kayarwa ba. Yayanki yana da suga?" Yana da shi. Hawan jini ma. Ba wanda ya taɓa ce masa ya yi hankali, ni aka yi ta tsarewa kamar ƙwai.
Ta ɗauka albishir ta yi min. Na yi godiya, na ajiye waya. Wallahi da na sha wuya da na fi samun sauƙi.

Laraba, 8 ga Yuli
An ce mun warke. Nasiruddeen ya yi sadaka. Bai yi laifi ba, na sani, tsoron rasa ni ya ji. Amma in ya shigo falo sai in tuna ina da aiki a kicin.

Asabar, 11 ga Yuli
Daga gidan Dada nake rubutu. Tari ta fara jiya, wai mura ce. Ba komai ba ne in sha Allahu, amma Litinin zan kai ta a gwada, ko tana so ko ba ta so. Na haɗa kaya da safe. Nasiruddeen ya biyo ni tsakar gida, "Zubaida, ƙirjinki fa." Na ce ƙirjina kalau yake.
Sai da keke ya hau titi na lura ban nemi izininsa ba. Faɗa masa kawai na yi.
Ɗakin Yaya a rufe yake. Ban shiga ba tukuna.