Inna Tana Ƙirga Sallolina

Azare, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Gumsu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya zafin Misau?

Yaya, ƙaryar da muka yi wa Inna ta rufe ni a ɗaki. Kin tuna mun ce mata wankin ciki kawai aka yi mini, tunda ta 'yan huji uku likita ya zura na'ura ya cire mahaifar, babu ɗinkin da zai tona mu. Shekara goma sha ɗaya tana jiran jika daga gare ni, shi ya sa muka tausaya mata.

To aikin ya bar baya da ƙura. Na'urar ta taɓa hanyar fitsari, kullum ina cikin ɗigo, zani biyar nake sauyawa. Likita ya sa ranar Alhamis mai zuwa za a buɗe cikin a gyara.

Inna ta zo daga Katagum jinya, kuma kin san idon tsohuwar ungozoma. Ashe ƙirga sallolina take yi. Wata uku ban yi fashin salla ba, sai ta yanke cewa ciki ne da ni, ɗigon ma wai ɗa ne ya danne mara. Ta ɓoye katin asibitina, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ta rantse ba mai sa wa jikanta wuƙa. Malam Talha, mijin nawa da ya sa hannu a takardar aikin, da ya hango ta sai ya tuna ana jiransa a masallaci.

Jiya na ji ta tana waƙa a madafa. Rabona da jin waƙarta tun rasuwar Baba. Wallahi tsoro nake ji, Yaya. Ki zo mu faɗa mata tare.

Taki,
Zuliha

Azare, ranar Laraba

Yaya Gumsu,

Bayan gaisuwa, ya jikin autanki? Na san shi ya hana ki zuwa, ban riƙe ki ba.

Na faɗa mata yau da hantsi, tana tsince mini zogale. Na ce babu mahaifa, babu ciki, kuma ba za a taɓa yi ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta gama tsinta tsaf, ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini katin, ta tambayi ƙarfe nawa za mu tafi gobe.

Sannan ta ari wayata. Ashe ta riga ta yi wa dangi albishir. Ga ta can a bayan ɗaki tana kiransu ɗaya bayan ɗaya, tana ce musu ita ce ta yi kuskuren lissafi, tsufa ne.

Ki sa ni a addu'a gobe.

Ƙanwarki,
Zuliha