Ƙwallayen da Wakilinku Ya Gani Ba Wasa Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Kwamitin makarantar al'umma da ɗiyata ke koyarwa a Kebbe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah Ya taimaka.

Ranka ya daɗe, ni ce mahaifiyar Malama Rukayya, malamar kemistiri ta makarantarku, wadda kuka ba hutun karatu domin ta yi digiri na biyu. Na karanta takardar da kuka aiko mata. Kun ce ta bar karatu ta dawo gida tana wasa da kwamfuta, kuma idan ba ta bayyana gabanku ranar Alhamis ta kare kanta ba, za ku soke hutun, ku ba wani gurbinta. Da maganar ta tsaya a takarda, da na bar ta tsakaninku. Amma kafin takardar ta iso Tambuwal, labarin ya riga ta. A gidan suna na fara jin sa, daga bakin wata mata da ta zo daga Dogon Daji, tana yi mini jaje: "Hajiya, sai haƙuri, ɗiyan yanzu ke nan." Tunda a bainar jama'a aka ɓata ta, a bainar jama'a zan amsa. Ita ba ta so in rubuta ba. Ban nemi izininta ba, ni na haife ta.

Na farko, ga abin da ya faru, domin ina gida ranar. Wakilin da kuka turo ya iso da hantsi a kan babur. Na ce ya shigo, na kawo masa ruwa. Ya tarar da Rukayya a rumfa da kwamfuta a cinyarta. Ya leƙa, ya ga wasu ƙwallaye masu launi, ja da fari da baƙi, an haɗa su da 'yan sanduna, tana juya su da yatsa. Ya yi murmushi ya ce, "Ashe nan kike, Malama? Ana ta fama da karatu." Ta ce masa eh, tana fama. Ta ɗauka gaisuwa ce, ashe zunɗe ne. Bai kai minti goma ba ya tashi. Bai tambaye ta mene ne wannan ba, bai tambaye ni ba. Daga nan ya je ya rubuta muku cewa ya same ta tana wasan ƙwallo a kwamfuta, babu farar riga, babu kwalabe, babu alamar kemistiri ko ɗaya.

Na biyu, ba zan ɓoye muku ba, kuskuren da ya yi ni ma na taɓa yin sa. Makon da ta dawo gida na ga ƙwallayen nan, raina ya ɓaci. Ni ba uwa ba ce da ke kawar da kai. Na tsaya a kanta na ce, "Rukayya, wannan ne karatun? Kin bar ɗiyan mutane babu malami kin zo kina latse-latse?" Ba ta yi musu ba. Ta matsa mini a tabarma ta ce, "Inna, zauna ki ga ruwa." Ta nuna mini ƙwallo ja guda ɗaya da farare biyu maƙale a jikinsa. Ta ce jan oksijin ne, fararen haidurojin. Ni na yi sakandare, kuma malamin kimiyyarmu ya sa mun haddace yadda ake rubuta ruwa da haruffan kimiyya a allo, bulala a hannunsa. Shekaru nawa ina ɗauke da wannan hadda a kai ban taɓa ganin siffar abin ba, sai ranar, a rumfar gidana, a hannun yarinyar da na goya. Na ji kunya, na kuma ji daɗin da ban san yadda zan faɗa ba.

Daga nan ta yi mini bayani, kuma na riƙe, domin na sa ta maimaita har sau uku. Karatunta kemistiri ne da ake yi da lissafi a kwamfuta. Maimakon a zuba wannan cikin wancan a kwalba a jira a ga abin da zai faru, sai a gina siffar sinadarin, a sa na'ura ta lissafa yadda zai zauna, da inda zai kama, da ƙarfin kamun. Aikinta a kan sabara ne. Sabarar nan dai da muke tafasawa, wadda kowace mace a ƙasar nan ta san ɗacinta. Tana ɗaukar sinadaran da masana suka gano a ganyenta, tana gwada su ɗaya bayan ɗaya a jikin wani sashe na ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, ta ga wanne zai shiga ya toshe shi. Ta gargaɗe ni kada in je ina cewa ta gano magani, ta ce lissafi hanya yake nunawa, sai masu ɗakin gwaji sun tabbatar. Don haka ban ce ta gano magani ba. Na ce tana aikin da duk zuriyarmu babu wanda ya taɓa yin irinsa.

Bambancina da wakilinku ɗaya ne. Ni na yi faɗa, amma na zauna na saurara. Shi ya yi murmushi, ya tafi ya rubuta. Shaida ba abin wasa ba ce, ranka ya daɗe. Addininmu ya hore mu da mu binciki labari kafin mu yanke hukunci, kuma wanda ya rubuta abin da bai sani ba a kan ɗiyar mutane, za a tambaye shi. Mutumin da ke kula da makaranta ya kamata ya fi kowa sanin cewa tambaya ba ta rage girma.

Na uku, maganar zamanta a gida. Shekarar farko a jami'a ta yi ta, ta shiga aji, ta ci jarabawa, sakamakon yana hannunmu. Wannan shekarar ta bincike ce. Babban lissafin ba a kwamfutarta ake yin sa ba, wata babbar na'ura ce a jami'a take tura wa aiki ta intanet, wani lissafin ya kwana biyu kafin ya fito. Abin da take buƙata wuta ce da sabis mai ƙarfi. A ɗakinta na Kebbe kun fi ni sanin yadda sabis yake. A nan muna da sola. Malamin da ke duba aikinta shi ya amince ta zauna gida, tana zuwa wurinsa duk wata. Kuma sau biyu ta rubuto wa makaranta tana sanar da haka. Ku duba, za ku gani.

Ina so ku san irin yarinyar da kuke magana a kanta. Lokacin da aka ba ta aiki a Kebbe, ƙawayenta sun ce ta nemi canji zuwa birni. Ni na ce ta tafi, yaran can ma 'ya'ya ne. Shekara fuɗu tana hawa babur a hanyar Kebbe, da damina ta iso da taɓo har gwiwa, ba ta taɓa dawo mini da ƙorafi ba. Ba ta da ɗakin gwaji a makarantarku, da ƙwallayen laka da tsinken tsintsiya take nuna wa yara yadda sinadarai ke haɗuwa. Ku tambayi 'yan ajinta.

Ga abin da nake roƙo. Ku janye kalmar wasa daga takardarku, a rubuce, kamar yadda kuka sa ta a rubuce. Ku tuntuɓi malaminta a jami'a, zai gaya muku gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba. Ranar Alhamis za ta zo, ni ma zan zo, duk da ƙafata ba ta son babur. Ku ba ta rabin awa a gaban kwamiti, wakilinku yana zaune, ta buɗe kwamfutar ta yi bayani. Ba na neman a wulaƙanta shi, babba ne. Ina neman ya ji.

Kuma kada ku ɗauka tsoron rasa aiki ne ya sa na rubuto. Digirin nan za ta gama shi da yardar Allah, ko da hutunku ko babu, kuma mai irin karatunta ba ta rasa wurin zuwa. Tun yanzu malaminta yana yi mata maganar ta zauna a jami'a. Ni na hana. Na ce mata ai ta riga ta yi wa Kebbe alkawarin komawa, kuma a gidana ba a saɓa alkawari. Idan kuka ba wani gurbinta, kun sauke mata wannan nauyi, ni kuma ba ni da sauran hujjar da zan tsare ta da ita. Ku auna wa zai yi asara.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare ka daga shaidar da ba a bincika ba. Allah Ya albarkaci makarantar da yaran da ke cikinta.

Wassalam.

Hajiya Aishatu,
mahaifiyar Malama Rukayya,
Tambuwal.